Darasin Tarihi a WAEC da NECO da JAMB: Inda Suka Bambanta da Irin Shirin da Kowace ke Buƙata

Daga bazara zuwa tsakiyar damina, ɗalibin ajin ƙarshe na babbar sakandare da ya zaɓi darasin Tarihi, kuma yake da burin shiga jami'a, kan zauna jarrabawar wannan darasi har sau uku. Yakan fara da ta neman gurbin karatu wadda hukumar JAMB ke shiryawa, ya bi da ta WAEC a watannin Mayu da Yuni, ya rufe da ta NECO. Ɗalibai da dama, har da wasu iyaye, suna ɗaukar ukun a matsayin jarrabawa ɗaya da ake maimaitawa, don haka littafi ɗaya da hadda ɗaya sun wadatar. Manhajojin hukumomin sun nuna akasin haka. Labaran da ake tambaya a kansu sun yi tarayya a wurare da yawa, amma abin da kowace jarrabawa ke aunawa daban ne, kuma akwai manyan yankunan Afirka da ɗaya ke tambaya a kansu alhali ɗayar ba ta ko leƙa su.

Kuskuren yana da tsada. Jami'o'in Najeriya suna neman kiredit biyar a sakamakon kammala sakandare, ciki har da Turanci, kuma kiredit yana farawa ne daga matakin C6 zuwa A1. Ga mai neman karanta Tarihi, ko hulɗar ƙasa da ƙasa, ko wasu kwasa-kwasan fannin adabi, Tarihi na iya zama ɗaya daga cikin biyar ɗin. A jarrabawar JAMB kuwa, darasin na ɗauke da maki 100 cikin 400, wato rubu'in abin da za a yi masa hukunci a kai.

Akwai kuma dalilin da ya sa darasin ke yi wa ɗalibai da yawa nauyi fiye da kima. Daga zangon karatu na 2009/2010 aka daina koyar da Tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa guntayensa cikin darasin nazarin zamantakewa. Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya ta shafe shekaru tana kiran a dawo da shi. A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawowarsa a hukumance, tare da zaɓen malamai 3,700 domin ba su horo, sannan a watan Satumba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa Tarihin Najeriya ya zama wajibi daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Amfanin wannan sai nan gaba. Mafi yawan waɗanda ke zana jarrabawa a yanzu sun fara cin karo da darasin ne a babbar sakandare, kuma cikin shekara uku ake so su san abin da ya faru tun daga zamanin Nok har zuwa ƙarshen ƙarni na ashirin.

WAEC: rinjayen maki na ga rubutu

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma hedikwatarta ke Akra, ta ƙasashe biyar ce: Najeriya, Ghana, Saliyo, Gambiya da Laberiya. Wannan ne ya tsara fasalin jarrabawarta ta Tarihi. A tsarin da manhajarta ta daɗe tana bi, takarda ta ɗaya tana ɗauke da tambayoyi 50 na zaɓen amsa, waɗanda aka fi sani da canki-canka, a amsa su duka cikin awa ɗaya a kan maki 40. Tambayoyin sun shafi Afirka ta Yamma baki ɗaya daga zamanin dauri zuwa shekarar 2000: ma'anar tarihi da hanyoyin samo shi, fataucin ƙetaren Sahara, shigowar Musulunci, zuwan Turawa, cinikin bayi ta Tekun Atlantika, ayyukan 'yan mishan, rabon yankin bayan taron Berlin na 1884 zuwa 1885, mulkin mallaka, matsalolin bayan samun 'yanci, da ƙungiyoyi irin su ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975. Akwai kuma batutuwa biyu da ɗalibai kan tsallake: mata da mulki a tarihin yankin, da tasirin muhalli.

Takarda ta biyu ita ce ta rubutun sharhi, awa biyu, maki 60. A nan kowane ɗalibi yana amsa tambayoyi a kan ƙasarsa. Na Najeriya an kasa su kashi uku: daga farko zuwa 1800, ƙarni na sha tara, sannan 1900 zuwa 2000. Kowane kashi na da tambayoyi uku, ana amsa huɗu a jimlace, kuma tilas a taɓa kowane kashi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ke kama mai karatun zaɓe. Wanda ya ƙware a ƙarni na sha tara ya yi watsi da zamanin mulkin mallaka ba zai iya ɓuya ba, domin tambaya biyu kacal zai iya ɗauka daga inda ya fi ƙarfi.

Lissafin a fili yake. Tambaya huɗu a kan maki 60 na nufin maki 15 kowace, cikin minti 30. Idan aka ce a kawo dalilai biyar, kowane dalili na da maki uku. Rahotannin manyan masu duba takardu, waɗanda WAEC ke wallafawa a shafinta na intanet, sun daɗe suna maimaita ƙorafi iri ɗaya: ɗalibai na jera kanun dalilai ba tare da bayani ba, ba sa karanta tambaya da kyau, ba sa kammala manhaja, kuma raunin Turanci na hana su faɗin abin da suka sani.

Misali zai fi bayyana wannan. A ce an tambayi dalilan jihadin 1804. Ɗalibin da ya rubuta "haraji mai nauyi" ya wuce, ya faɗi gaskiya, amma kaɗan zai samu daga cikin maki ukun. Wanda ya bayyana cewa sarakunan Hausa na karɓar jangali a kan dabbobin makiyaya da wasu haraji da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soka a littafinsa Kitab al-Farq, ya kuma nuna yadda hakan ya karkatar da makiyaya da talakawa zuwa ga Jama'a, shi ya cika sharaɗin. Haka idan ya ambaci takurawar sarakunan Gobir, ana so ya kawo dokokin Nafata da suka hana wa'azi ga kowa in ban da Shehu, suka kuma hana ɗaura rawani da lulluɓi, sannan ya danganta su da hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804 a zamanin Yunfa. Kowane dalili sakin layi guda ne mai kai, da bayani, da suna ko shekara ko wuri da ke tabbatar da shi.

Rashin karanta tambaya kuwa ya fi cutar da wanda ya san labarin sosai. Ana tambayar sakamakon jihadi, ɗalibi ya cika shafi uku da labarin yaƙin Tabkin Kwatto da faɗuwar Alƙalawa a 1808. Duk abin da ya rubuta daidai ne, amma ba shi aka tambaya ba, kuma ma'aunin ba da maki ba ya tausayin yawan rubutu. Dalili, da yadda abu ya gudana, da sakamako, tambayoyi uku ne mabambanta a kan batu ɗaya.

NECO ba ta buƙatar dogon bayani, domin kusan duk abin da aka faɗa a kan WAEC ya hau kanta. An kafa ta a 1999 a zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, hedikwatarta na Minna, ta fara jarrabawar kammala sakandare a shekarar 2000, kuma a kan manhajar makarantun Najeriya take gina tambayoyinta. Ita ma tana da ɓangaren zaɓen amsa da na rubutun sharhi, kuma matakan sakamakonta daga A1 ne zuwa F9. Akwai wani tunani da ya yaɗu cewa ta fi WAEC sauƙi, wanda ke sa wasu sassautawa da zarar sun gama WAEC. Babban bambancin da ɗalibi zai gani shi ne lokaci: tana zuwa a ƙarshe, bayan gajiya ta taru, ga damina ta kankama, yaran karkara da yawa kuma hankalinsu ya rabu tsakanin littafi da gona. Amfaninta shi ne dama ce ta biyu. Jami'o'i da yawa na karɓar haɗin sakamakon zama biyu, ko da yake wasu kwasa-kwasan da ake rububi na sharɗanta zama ɗaya.

JAMB: faɗin karatu da sauri

Jarrabawar JAMB wata aba ce daban. An kafa hukumar a 1978, kuma tun daga 2015 a kwamfuta kaɗai ake zana jarrabawarta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, da 40 a kowane ɗaya daga cikin darussa uku. Idan aka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya, alhali a takardar farko ta WAEC ɗalibi na da fiye da minti ɗaya. Babu rubutu ko jimla ɗaya, don haka iya bayani ba ya ceton kowa. Abin da ke aiki shi ne tantance suna da shekara da wuri, da iya rarrabe amsoshi biyu masu kama da juna.

Inda aka fi yin asara shi ne kashi na biyu na manhajar, wanda ya shafi Afirka da sauran duniya daga 1800. WAEC ta tsaya a Afirka ta Yamma, amma JAMB ta ƙetare. Tana tambaya a kan Masar a zamanin Muhammad Ali, wanda ya hau mulki a 1805, da jikansa Isma'il, wanda aka buɗe mashigin Suez a zamaninsa a 1869, bashi kuma ya yi wa ƙasar katutu har Ingila ta mamaye ta a 1882. Tana tambaya a kan Mahadin Sudan da ya ci Khartum a 1885. Da daular Oman da yadda Sayyid Sa'id ya mayar da cibiyar mulkinsa Zanzibar. Da Habasha, musamman nasarar Menelik na Biyu a kan Italiya a Adwa a 1896. A kudancin nahiyar akwai tasowar Zulu a ƙarƙashin Shaka da rikice-rikicen da ake kira Mfecane, da babbar ƙaurar Turawan Boer daga yankin Cape a tsakiyar shekarun 1830, da mulkin wariyar launin fata da ya zama manufar gwamnati a 1948 ya ƙare a 1994. Ɗalibin da ya dogara da bayanan da malaminsa ya ba shi domin WAEC zai iya shiga ɗakin kwamfuta bai taɓa jin rabin waɗannan sunaye ba, kuma makarantu da yawa ba sa kaiwa gare su kafin watan jarrabawar.

Ko a Afirka ta Yamma, JAMB na son kwatance. Ba ta tsaya a kan jihadin Sakkwato ba, tana haɗa shi da na Seku Ahmadu na Masina a 1818, da na Alhaji Umar Tal, wanda ya zauna shekaru a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kafin ya koma ya ƙaddamar da nasa, da kuma gwagwarmayar Samori Ture da Faransa. Wanda ya karanta su a jere, yana lura da abin da ya haɗa su da abin da ya raba su, ya fi wanda ya haddace kowanne shi kaɗai.

Sanin gida da iyakarsa

Ɗalibin da ya tashi a ƙasar Hausa yana shiga wannan darasi da jari. Ya ji labarin Bayajida da rijiyar Kusugu tun yana yaro, ya san sunan Shehu da Abdullahi da Bello, wataƙila ya taɓa ratsa kasuwar Kurmi da aka kafa a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Wannan jari na gaske ne, sai dai yana da tarko biyu.

Na farko, abin da aka ji a gida ba shi ne amsar jarrabawa ba. Masu shirya tambayoyi na ɗaukar labarin Bayajida a matsayin ruwayar baka game da asali, wadda ake aunawa da sauran hujjoji, kuma suna iya tambayar amfani da raunin ruwayar baka idan aka kwatanta ta da rubutattun takardu ko kayan da aka tono daga ƙasa. A nan ne sunaye irin su Nok a jihar Kaduna, da Igbo-Ukwu mai kayan tagulla na wajen ƙarni na tara, da Ife da Benin ke shigowa.

Na biyu ya fi girma: Najeriya ce duka ake tambaya. Tsarin mulkin tsohuwar Oyo, da matsayin Alafin da majalisar Oyo Mesi da Bashorun, da tawayen Afonja a Ilori, da yaƙin Kiriji da aka shafe shekara goma sha shida ana yi daga 1877 zuwa 1893, duk suna cikin manhaja daidai da daular Sakkwato da Borno a ƙarƙashin Shehu al-Kanemi da zuwan Rabe a 1893. Haka al'ummomin da ba su da sarki guda mai iko a kan kowa, irin su Igbo da Tibi da Ibibiyo, waɗanda kan rikita ɗalibin da ya saba da tsarin sarki da hakimi da dagaci. Fahimtarsu ce ke bayyana dalilin da ya sa mulki ta hannun sarakuna ya zauna a Arewa amma ya ci tura a Gabas, inda Turawa suka naɗa sarakunan takarda, lamarin da ya kai ga boren matan Aba a 1929. Labarin cin ƙasar ma haka yake. Ɗalibin Arewa kan tuna faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, da Burmi, da Satiru a 1906, amma labarin ya faro ne daga harin da aka kai Legas a 1851 da karɓe ta a 1861, ya bi ta kan Jaja na Opobo a 1887, da Nana na Itsekiri a 1894, da Benin a 1897. (Ɗalibin Kudu ma yana da irin wannan giɓi, ta ɗaya ɓangaren.)

Sai batun harshe. Ba laifi ba ne malami ya warware batu da Hausa, kuma littattafai irin su Labarun Hausawa da Maƙwabtansu na ƙara wa ɗalibi sha'awa da fahimta. Amma da Turanci za a amsa, kuma kalmomin umarni da tambaya ke farawa da su suna da ma'anoni daban-daban. Wadda ta ce "list" jeri take nema, wadda ta ce "highlight" ko "outline" na son taƙaitaccen bayani a kan kowane batu, wadda ta ce "discuss" ko "examine" kuwa na son a zurfafa. Ɗalibin da ke tattauna darasi da Hausa da abokansa ya kamata ya rufe kowane zama da rubuta abin da aka tattauna da Turanci.

Yadda za a raba shekarar

Matakin farko shi ne a samu manhajar kowace hukuma ta shekarar da za a zana jarrabawa, domin ana sabunta su, musamman yanzu da ake sauye-sauye a manhajar makarantu. A ajiye su gefe da gefe, a yi alama a kan abin da suka yi tarayya a kai. Za a ga cewa tarihin Najeriya shi ne gangar jikin ukun, don haka shi ya cancanci mafi yawan lokaci tun daga zangon farko.

Shekaru sun fi zama a kai idan an ɗaura su a kan dalili. Kundin tsarin mulki huɗu na zamanin mulkin mallaka misali ne mai kyau, domin tambayoyi ba sa rabuwa da su. Na Clifford a 1922 ya kawo zaɓe a karon farko, kujeru huɗu, uku a Legas ɗaya a Kalaba, kuma wannan ne ya haifar da jam'iyyar NNDP ta Herbert Macaulay a 1923. Na Richards a 1946 ya kafa tsarin yankuna uku, ya kuma shigar da Arewa majalisar dokoki ta ƙasa, amma aka soke shi saboda ba a tuntuɓi 'yan ƙasa ba. Wannan suka ce ta sa aka yi tuntuɓa mai faɗi, har da taron Ibadan na 1950, kafin na Macpherson a 1951. Rikice-rikicen 1953 suka nuna gazawarsa, aka samu na Lyttleton a 1954 mai tsarin tarayya. Wanda ya riƙe su a matsayin sarƙa zai iya amsa tambayar canki-canka ta JAMB, ya kuma rubuta sharhin WAEC daga karatu ɗaya. Taswira ma haka take: ɗalibin da ya zana hanyar fatake daga Kano ta Agadas da Ghat zuwa Tarabulus da hannunsa, ko ya nuna inda Oyo da Nufe da Borno suke, ba ya saurin rikicewa.

Littattafan tsoffin tambayoyi da ake sayarwa a kasuwa suna da amfani wajen gane salon tambaya da batutuwan da ke yawan dawowa. Amsoshin da ke cikinsu kuwa ba hukumomin ne suka rubuta su ba, kuma akan sami kurakurai, don haka duk amsar da aka yi shakka a kanta a koma ga littafin karatu ko malami.

Ga WAEC da NECO, babu abin da ya kai rubuta cikakkiyar amsa ɗaya a kowane mako, da agogo a gefe, minti 30 ba ƙari, a kai wa malami ya duba. Ga JAMB kuwa sai an taɓa kwamfuta kafin ranar. Hukumar na shirya jarrabawar gwaji ga masu so, kuma tsarinta na aiki da maɓallai kaɗan: A, B, C, D na amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Ba a rage maki saboda amsar da ba daidai ba, saboda haka bai kamata a bar tambaya ko ɗaya babu amsa ba. Sabawa da kwamfuta ya daina zama na JAMB kaɗai, domin WAEC ma ta fara amfani da ita a jarrabawar masu zaman kansu a farkon 2024.

Tun da JAMB ce ke zuwa da farko, watanni biyu ko uku kafin ta su ne lokacin Masar da Sudan da Habasha da kudancin Afirka, ko da makaranta ba ta kai nan ba. Da zarar an fito daga ɗakin kwamfuta, sai a ajiye waɗannan a koma kan Afirka ta Yamma da rubutun sharhi, a tabbatar cewa a kowane ɗaya daga cikin kashi ukun tarihin Najeriya akwai aƙalla batutuwa huɗu ko biyar da ɗalibi zai iya kawo dalilansu da sakamakonsu, kowanne da bayaninsa, ba tare da duba littafi ba.